Giant Steps na Coltrane: kiɗa ne ko atisaye?

Mai_Tenor:
Salamu alaikum 'yan zaure. Zan taɓa inda ke yi wa wasu ƙaiƙayi, a yi mini afuwa. Faifan Giant Steps na John Coltrane, mai busa saksafon, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a farkon 1960, babu jerin manyan faya-fayen jazz da za ka duba ka rasa shi. Amma a ganina yabon da yake sha na malaman makarantar kiɗa ne, ba na masu sauraro ba. Kiɗan farko, wanda faifan ya ci sunansa, kod 26 ne (kod shi ne sautukan da ake haɗawa a buga tare) a cikin gaɓa 16 masu bugu huɗu-huɗu, ana gudu wajen bugu 290 a minti ɗaya. Atisayen yatsu ne kawai aka naɗa aka kai kasuwa. Tambayata biyu ce. Masu sharhi na wancan zamanin sun karɓe shi hannu bibbiyu kamar yadda ake nuna mana yau? Kuma in aka ajiye wahalar busawar a gefe, me ya rage?

Baba_Garmaho:
Wa alaikumus salam. Ɗana, faifan nan kiɗa bakwai ne a cikinsa, kai kuma ka yanke masa hukunci da guda ɗaya. Gefen farko: Giant Steps, Cousin Mary, Countdown, Spiral. Gefe na biyu: Syeeda's Song Flute, Naima, Mr. P.C. Duka minti 37 da 'yan daƙiƙu. A cikin bakwai ɗin nan biyu ne kacal aka gina a kan zagayen kod ɗin da kake kuka da shi, wato na farko da Countdown, kuma in ka haɗa tsawonsu minti bakwai ne. Sauran minti talatin ɗin fa? Mr. P.C. bulus ne mai gaɓa 12 a C maino, yaron da ya yi wata shida da saksafon zai iya busa takensa. Naima kuwa tafiyar hawainiya take yi.

Zee_Fiyano:
Baba ya gama magana. Amma Malam Mai_Tenor bai faɗi abin da Coltrane da kansa bai faɗa ba. A bayanin da Nat Hentoff ya rubuta a bayan kwalin faifan, Coltrane ya nuna damuwa cewa wani lokaci abin da yake yi yana fita kamar atisayen makaranta, yana kuma ƙoƙarin ya sa ya ƙara daɗin ji. To zargin ba sabo ba ne, mai kayan ne ya fara ɗora wa kansa.

Mai_Tenor:
Kin gani ko, Hajiya Zee. Ni ban ma kai ga kawo wannan shaidar ba.

Injiniya_Tef:
Kafin a yi nisa bari a daidaita ranakun, don suna da tasiri a muhawarar. An ɗauki Countdown da Spiral ranar 4 ga Mayu 1959, sauran huɗu ranar 5 ga Mayu, a situdiyon Atlantic da ke New York. Tommy Flanagan a fiyano, Paul Chambers a bes, Art Taylor a ganguna. Naima ita kaɗai ce aka ɗauka ranar 2 ga Disamba, da Wynton Kelly a fiyano da Jimmy Cobb a ganguna, Chambers yana nan a bes. Nesuhi Ertegun ne furodusa, Tom Dowd yana kan na'ura. Abin lura shi ne zaman ƙarshe na Kind of Blue na Miles Davis ranar 22 ga Afrilu aka yi shi, kuma Coltrane da Chambers suna ciki. Kwana 12 ke nan tsakani. A can, kiɗan So What kod biyu ne a gaɓa 32. A nan kod 26 a gaɓa 16. Mutum ɗaya, ƙaho ɗaya.

Dan_Sabongari:
Wannan ne faifansa na farko a Atlantic ko?

Injiniya_Tef:
Na farko da ya fita, e. Amma tun Janairun 1959 ya shiga situdiyonsu da Milt Jackson, aka ajiye wannan aikin sai 1961 aka fitar da sunan Bags & Trane. Abin da Giant Steps ya zama na farko a kai shi ne duk kiɗan da ke ciki Coltrane ne ya tsara su, babu aron kowa.

Malam_Kod:
Bari in warware abin da ake ta kira wahala, don mutane na tsoron lambar 26 fiye da kima. Gida uku ne kawai kiɗan ke zagayawa, wato ki uku: B, G da E♭. Oktaf tana da rabin taki 12, aka raba ta uku daidai, huɗu-huɗu. Kowane gida kafin a shiga sai an ƙwanƙwasa ƙofarsa da kod ɗinsa na biyar: D7 ya kai ka G, B♭7 ya kai ka E♭, F♯7 ya kai ka B. Gaɓa huɗun farko ga su: Bmaj7 D7, Gmaj7 B♭7, E♭maj7, Am7 D7. Huɗu na biye abu ɗaya ne aka soma daga G. Daga gaɓa ta 8 zuwa ƙarshe ba komai ba ne sai biyu-biyar-ɗaya da kowane ɗalibi ya sani, ana hawa da shi gida-gida.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Kod mai bugu biyu a gudun 290 bai kai rabin daƙiƙa ba, zagaye ɗaya gaba ɗaya daƙiƙa 13 ne, kuma a cikinsa sau goma ake sauya gida. Gidajen nan uku ba maƙwabta ba ne, sautukan da suka haɗa su kaɗan ne. Ba ka da damar ka zauna a sikeli ɗaya ka yi ta lalube kamar a bulus. In tunaninka ya makara da bugu ɗaya, sautin da ke daidai a da ya zama kuskure yanzu.

Mai_Tenor:
Malam, ai bayaninka hujjata ce. Lissafi ne. An raba 12 gida uku. Kuma ka saurari solon, wato inda yake busa abin da ya ƙirƙira nan take, da kyau: sauti na 1-2-3-5 na sikelin kowane kod, 1-2-3-5, sai ya sauko ta kan sautukan kod, ya sake komawa. Wanda ya taɓa rubuta solon a takarda ya san 'yan tsirarun salo ne ake ta juyawa.

Malam_Kod:
Gaskiya ne, 1-2-3-5 ya cika solon, ba mai musu. Amma ka duba inda yake ajiye su. Kusan duk lokacin da kod ya sauya, sautin da ya faɗa a kan bugun na cikin kod ɗin ne, har in ka cire fiyano da bes za ka ji zagayen daga ƙahon kaɗai. Sannan inda kod ɗaya ya samu bugu huɗu, kamar gaɓa ta 3 da ta 7, nan yake sakin dogon layi ko ya ja sauti ɗaya can sama. Tubalin gini duk iri ɗaya ne, ba a raina magini don haka.

Baba_Garmaho:
A koma tambayar farko ta yaron nan, ta masu sharhi, don an bar ta a baya. Mujallar DownBeat taurari biyar ta ba faifan da ya fito, wato maƙura. Don haka ba a ce an yi watsi da shi sai daga baya aka gane ba. Rigimar da mutane ke tunawa ba a kan faifan aka yi ta ba, a kan busar Coltrane a dandali ne. A Maris 1960, yana rangadin Turai da Miles, 'yan kallo a zauren Olympia na Paris suka yi masa ihu da fito saboda tsawon solonsa da irin ƙarar da yake fitarwa. An naɗi wannan daren, ana jin hayaniyar. A Stockholm cikin wannan rangadin ne mai gabatar da shirin rediyo ya tambaye shi batun masu cewa busarsa ta fushi ce, ya ce shi ba fushi yake ba, abubuwa da yawa yake gwadawa a lokaci ɗaya bai gama tace su ba.

Ummu_Saida:
Ƙari a kan na Baba. Sukar da ta fi zafi sai Nuwamba 1961 ta zo, lokacin da John Tynan na DownBeat ya ji shi tare da Eric Dolphy a wani kulob a Hollywood ya kira abin da suke yi kishiyar jazz. Har ta kai a Afrilun 1962 mujallar ta ba su fili su biyun suka mayar da martani. A Ingila kuma Philip Larkin, marubucin waƙoƙi da ke sharhin jazz a jaridar Daily Telegraph, bai taɓa ɓoye ƙin da yake wa sautin Coltrane ba. Mutane na kwaso duk wannan su jibga wa Giant Steps, alhali kusan shekara biyu ce tsakani, kuma salon ma ya riga ya canza.

Dan_Sabongari:
To ita maganar mai sharhi Ira Gitler fa, ta sauti mai zubowa shimfiɗa a kan shimfiɗa? Ba a kan wannan faifan ya yi ta ba?

Ummu_Saida:
A'a ɗan'uwa, ta 1958 ce, zamanin da Coltrane yake kamfanin Prestige. Kuma salon ma daban ne. A wancan yana cusa sautuka biyar, bakwai ko fiye a cikin bugu ɗaya, ba sa rabuwa daidai. A Giant Steps kuwa sauti biyu-biyu ne a kowane bugu, a jere kamar ɗinkin keke. Gudun ne ya sa kunne ke ɗauka abu ɗaya ne.

Ganga_Hudu:
Ni dai tausayin Flanagan nake ji. Shekara sittin da ɗoriya ana nuna solonsa ana dariya.

Zee_Fiyano:
Allah ya saka, Malam Ganga, dama nan nake son a zo. A saurari abin da ya faru a zahiri. Ya fara da gajerun layuka, ya yi ɗan shiru, ya sake kamawa, shirun yana ƙara tsawo, daga ƙarshe ya koma danna kod kawai har Coltrane ya dawo. Bai ɓata ba, bai fita daga zagayen ba ko sau ɗaya, hannun hagunsa yana kan hanya. Abin da ya rasa shi ne layin da zai ɗora. Labarin da aka fi bayarwa shi ne ya ga takardar kafin ranar amma bai zaci da wannan gudun za a buga ba. Coltrane kuwa ya daɗe yana tisa wannan zagayen a gida. Kuma ba shi kaɗai abin ya kama ba: wata guda da 'yan kwanaki kafin zaman Mayu an gwada kiɗan da Cedar Walton a fiyano da Lex Humphries a ganguna, Walton bai ma yi solo ba. Waccan ɗaukar ba ta fito ba sai a shekarun 1970. A 1982 Flanagan ya sake naɗar kiɗan a faifansa na tunawa da Coltrane, da George Mraz da Al Foster, a kamfanin Enja. Wanda ke dariya ya nemi wannan ya ji.

Mai_Tenor:
To Hajiya, kiɗan da gwanaye biyu irin waɗannan suka kasa sakewa a cikinsa, na ƙungiya ne ko na mutum ɗaya? Jazz hira ce. A nan mutum ɗaya ke magana, uku na bin sa da gudu.

Ganga_Hudu:
Uku? Cire Art Taylor da Chambers daga lissafinka. Ka sa kunne a kan faranti na dama na Taylor daga farko har ƙarshe, minti huɗu da daƙiƙa arba'in da wani abu, gudun bai zauna ba. Chambers yana taka sauti huɗu a kowace gaɓa a kan waɗannan kod ɗin. Countdown ma Taylor ne ya buɗe shi shi kaɗai, sai ƙaho ya shigo suka yi su biyu, sai fiyano, bes sai can kusa da ƙarshe, taken kiɗan kuma sai a ƙarshen ƙarshe aka busa shi. An juya tsarin ne baibai, shi ya sa sunan ya dace.

Malam_Kod:
Tunda an ambaci Countdown: a kan wani kiɗa mai suna Tune Up aka gina shi. Inda Tune Up ke da Em7, A7, Dmaj7 a gaɓa huɗu, Coltrane ya cusa Em7 F7, B♭maj7 D♭7, G♭maj7 A7, Dmaj7. Mafari ɗaya, masauki ɗaya, hanyar ce ta bi ta gidaje biyu kafin ta iso. Kuma ba daga sama tunanin ya faɗo ba. Tsakiyar Have You Met Miss Jones ta Richard Rodgers, tun 1937, tana zagaya gidaje uku masu irin wannan tazarar. Coltrane ya yi karatu wajen Dennis Sandole a Philadelphia, an kuma san yana tisa littafin sikeli na Nicolas Slonimsky na 1947. A faifansa Blue Train na 1957 ma, Moment's Notice da Lazy Bird sun nuna inda ya dosa.

Sabon_Mabushi:
Malamai a taimaka wa na baya. Ta ina ake fara koyon kiɗan Giant Steps a saksafon tenor? Da an kai gaɓa ta biyu yatsu ke cakuɗewa.

Sarkin_Busa:
Ƙanena, da farko ka tuna tenor yana karanta taki ɗaya sama da fiyano, don haka gidajenka D♭, A da F ne. Mai alto nasa A♭, E da C. Sa metronom, na'urar ƙidaya bugu, a 80, kada ka ji kunya. Mako na farko tushen kowane kod kawai za ka busa, har ka iya rera su da baki ba takarda. Sannan sauti na uku da na bakwai na kowane kod, kana neman wanda ya fi kusa da wanda ka bari, don kunne ya ji yadda na bakwai ke zamewa rabin taki ya faɗa kan na ukun kod na gaba. Sai bayan nan 1-2-3-5. Ka riƙa ƙara bugu 8 ko 10, kuma kada ka ƙara sai ka yi zagaye uku a jere babu tuntuɓe.

Abubuwan da ke kayar da mutane a ƙahon kansa: tsallake daga C♯ na tsakiya, inda yatsu duk a sake suke, zuwa D inda ake rufe shida da maɓallin oktaf. In yatsun ba su sauka tare ba sai ka ji wani ɗan ƙara a tsakani. Sai B♭: ka zaɓi ƙaramin maɓallin da ke ƙarƙashin manuniyar hagu a gidan F da D♭, ka bar na gefe sai inda B ke biye da shi. Sai fatar G♯ da ke mannewa, kuma gidan A ba ya tafiya sai da ita. Ka zura takarda mai tsabta a ƙarƙashinta, ka danna a hankali ka ja, sau biyu ko uku kafin ka fara. Numfashi kuma a gaɓoɓin da kod ɗaya ya cika ake shan sa: 3, 7, 9, 11, 13, 15. Wanda ya ja numfashi a tsakiyar gaɓa ta 1 ko ta 5 ya riga ya makara.

Bes_Mai_Tsayi:
Ga na masu bes, tunda ba a tuna da mu. Ba dole ka yi ta tsalle daga tushe zuwa tushe ba. B, A, G, F, E♭: taki ɗaya-ɗaya kana gangarowa. A shi ne na biyar ɗin D7, F na biyar ɗin B♭7. Hannu bai motsa sosai ba ka ratsa gaɓa uku. Daga G ma haka: G, F, E♭, C♯, B.

Sabon_Mabushi:
Allah ya ƙara ilimi. Batun baki da harshen gora fa, sai na sayi irin nasa?

Sarkin_Busa:
Selmer yake busawa da bakin ƙarfe na Otto Link, amma wannan ba zai gyara maka yatsu ba. Harshen da ya yi maka tauri ma cutar da kai zai yi a wannan gudun, leɓe zai gaji kafin zagaye na biyar ka fara cije baki, sautin sama ya tashi daga daidai. Riƙe wanda kake iya busa ƙananan sautuka da shi a hankali ba tare da ya fashe ba.

Ummu_Saida:
An bar Naima shiru, kuma ita ce amsar tambaya ta biyu ta Malam Mai_Tenor. Sunan matarsa ta farko ne, Juanita Naima, Musulma ce, sunan da muke cewa Na'ima. Syeeda kuma, wato Sa'ida, 'yarta ce, agolar Coltrane, tana da shekara goma a lokacin. Cousin Mary 'yar'uwarsa ce da suka tashi gida ɗaya a North Carolina, P.C. kuwa Paul Chambers. Huɗu cikin bakwai sunayen mutanensa ne. A Naima bes yana dafe da sauti ɗaya, E♭, kod suna sauyawa a samansa, a tsakiya ya koma B♭. Coltrane bai yi solo ba sam, taken kawai ya busa da dogayen sautuka kusan babu karkarwa, ya bar wa Wynton Kelly tsakiyar. Mutumin da ake zargi da son nuna gwaninta ke nan.

Mai_Tenor:
Na karɓi Naima, ba ni da ja. Amma ku duba abin da shi da kansa ya yi bayan haka. Naima da Mr. P.C. sun zauna a jerin abin da yake busawa a dandali shekara da shekaru, Naima har kulob ɗin Village Vanguard a 1966. Giant Steps kuwa da wuya ka samu naɗin da ya busa shi a gaban jama'a. Zuwa Oktoba 1960 ya ɗauki saksafon soprano ya naɗi My Favorite Things, inda ake zama a kan kod biyu minti da minti. In mai abu ya ajiye abinsa, mu me ya sa muka mayar da shi jarrabawar shiga?

Malam_Kod:
Bai ajiye ba tukuna a lokacin da ka ambata. A wannan makon na Oktoba 1960 ya sa zagayen a But Not for Me da Body and Soul, ya gina Satellite a kan How High the Moon, 26-2 a kan Confirmation ta Charlie Parker. Central Park West ma gidaje take zagayawa, sai dai huɗu ne kuma a hankali, kuma ban taɓa jin wanda ya kira ta atisaye ba. Abin da ya bari shi ne gudun tsiya a kan zagayen tsirara. Batun jarrabawar shiga kuwa, wannan laifin makarantu ne da zaman gwada ƙwanji na dare, inda ake kiran kiɗan don a kunyata baƙo.

Injiniya_Tef:
Ga alƙaluma ga mai son ya auna karɓuwa. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi a rajistar naɗe-naɗen ƙasa ta 2004. A jerin faya-faye 500 na mujallar Rolling Stone yana na 102 a 2003, ya sauka zuwa na 232 a 2020. A Love Supreme yana na 47 ya koma na 66, Kind of Blue daga 12 zuwa 31. Shaidar zinare ta kwafi 500,000 kuwa sai 2018 ya samu, shekara 58 bayan fitowarsa.

Mai_Tenor:
Shekara 58! Injiniya ka taimake ni ba ka sani ba. Masu alƙalami sun ba shi biyar nan take, masu saye suka ɗauki rabin ƙarni.

Baba_Garmaho:
Faifan jazz nawa ne na 1960 ya kai dubu ɗari biyar ko a shekara ɗari? Ƙirga mini su a yatsunka, ɗana, za ka ga yatsu sun yi saura. Kuma saukar da ya yi a jerin 2020, ai duka ukun suka sauka, sabbin masu zaɓe aka kawo.

Zee_Fiyano:
Amma shi ya fi su faɗuwa nesa ba kusa ba, Baba, a faɗi gaskiya. Matsayi 130.

Dan_Sabongari:
Wanne bugu ya kamata mutum ya nema, mono ko sitiriyo? Na ga akwai na cika shekara 60 da ya fito a 2020.

Injiniya_Tef:
In da abin sawa a kunne za ka ji, mono ya fi daɗi, don sitiriyon wancan zamanin yana raba kayan kiɗa hagu da dama sosai, tsakiya ta zama fayau. A lasifika biyu cikin ɗaki ba ya damu. Na 2020 yana da sauran ɗaukar da ba a zaɓa ba, har da ta Walton. Ka jera ɗaukar Giant Steps ɗin ka ji su bi da bi, za ka ji salo iri ɗaya suna dawowa a wurare iri ɗaya, wanda ke nuna ya shigo situdiyo da kayansa a shirye. Malam Mai_Tenor zai ce hujjarsa ce, Malam Kod ma zai ce tasa ce.

Ganga_Hudu:
Har yanzu ba wanda ya ce uffan a kan Spiral. Kullum haka ake yi mata.

Bes_Mai_Tsayi:
Saboda tana bayan Countdown ne, kunne bai gama hucewa ba. Kod ɗinta rabin taki-rabin taki suke gangarowa a kan sauti ɗaya da bes ya dafe, dabarar Naima ce tun kafin a naɗi Naimar da ke faifan da wata bakwai. Malam Kod, in kana kusa rubuto mana gaɓa takwas ɗin farko, akwai inda takardun da ke yawo suka saɓa wa juna.